Lamba Ɗari Biyu da Sha Biyu

Shekara sha tara ina ƙirga 'ya'yan mutane.
Kwali shida na takardun tambaya a ofishina,
gara ta fara da na ƙasa,
ta cinye Tibiri, ta zarce Jiratawa,
ta bar mini rabin Safo.

Tambaya ta sha huɗu, ni na tsara ta, har da taƙama:
Awa nawa kake hawa intanet a rana?
Wani yaro a Ɗan Isa ya tsallake akwatin,
ya rubuta a gefe:
sai yaya ya dawo daga kabu-kabu.
Ba ni da gurbin wannan amsa.
Na sa mata sifili. Har yau tana yi mini ƙaiƙayi.

Na ga waya ɗaya ta yi wa mutum bakwai hidima,
ta kwana a shagon caji kan dala biyar.
Na ga Barira a kan suri, hannu sama,
kamar mai miƙa wa hadari abu,
tana jiran rezo ya ɗauki muryar kakarta zuwa Agadas.

A aji nakan ce: kar ku yarda da hoto don ya sa ku kuka.
Ku dubi lambar mota, ku dubi inuwa,
wannan ambaliyar ba ta Gulbi ba ce,
ina mu ina bishiyar kwakwa?
Su yi dariya, su rubuta.
In koma gida Bagalam da magariba
in tarar Inna ta tura wa dangi arba'in
muryar wani da ya ce gishiri na maganin komai.
Wanzami, sai a hankali da jarfa.

An buga aikina a ƙasar da ban iya sanyinta ba.
An tafa. An ba ni jaka mai tambari.
Kuɗin buɗe maƙalar ya kai buhun gero,
ɗalibaina ba su taɓa ganin shafi na biyu ba.

Jiya gilashin wayata ya tsage.
A bakin babbar kasuwa wani mai gyara,
tabarau a goshi, ƙarfen dalma a hannu,
ya ce: Malama Zuwaira, ba ki gane ni ba?
Harisu. Kin ba ni biro, kin ce in riƙe.

Na gane shi daga baya, cikin kwali na uku:
lamba ɗari biyu da sha biyu,
namiji, sha biyar, bai da waya.

Ya ƙi karɓar kuɗi.
Ya hura ƙura daga gilashin, ya miƙo,
ya ce: to, me kika gano a kanmu?

Na buɗe baki.
Mai kura ya ce hanya, na matsa.