Mai Jan Waya a Bikin Tsibiri

Ni ne mai jan waya.
Tun hantsi nake durƙushe a kwatar masunta,
ina ɗaure lasifika jikin rumfar shanya kifi,
ƙarnin bara bai saki katakon ba.
Wata takwas muna cikin riguna uku-uku,
gaisuwa da ka, baki a rufe saboda iska.
Yau kowa ya naɗe hannun riga,
ya miƙa wa rana fata fara sol kamar cikin kifi.

Mu ɗari uku ne da 'yan kai
a wannan tsibiri na ƙuryar arewacin Norway,
inda rana a watan nan ba ta san hanyar gida ba.

Oddvar mai kai wasiƙu ya buɗe fage.
Ya rungumi akwatin kiɗansa mai numfashi irin na zuga-zugi,
ya ja, ya matsa, ya ja.
Yatsan da injin jirgi ya cinye masa
ya bar giɓi a kowane kiɗa.
Mu mun saba,
har giɓin muke takawa.
Gunnhild ta asibiti ta ɗora goge a kafaɗa,
hannun da ya yi ta caka mana allura duk hunturu
yau ya zo biyan bashi.

'Yan makaranta bakwai suka shigo da siket na ulu.
Shida suka juya dama,
Tuva ƙaramarsu ta juya hagu,
ta riƙe hagunta har ƙarshe, kai a sama.
Tafin da ta sha ya kori tsuntsayen teku daga rufin sito.

Shugabar ƙaramar hukuma ta hau da takarda shafi huɗu,
batun gada, batun kuɗin kwashe shara.
Iska ta riga ta kai wa shafi na uku,
ta yi teku da shi.
Ba wanda ya bi sawu.

Sha ɗaya na dare,
rana zaune bisa dutse kamar baƙuwar da ta ƙi sallama,
aka kira Torleif.
Shekara tamanin da shida, sanda a hannu.
Duk bazara shi ke jero sunayen jiragen
da suka fita ba su komo ba.
Yana kan na huɗu
wayata ta yi tartsatsi, lasifika ta mutu.

Laifina ne.
Na san mahaɗar nan ta sha gishiri,
na ce ai za ta kai gobe.
Na zabura da filaya, zufa na keto mini,
sai na ji wurin ya yi tsit.
Mai suyar fanke ta kashe murhu,
yara sun bar guje-guje,
jama'a na matsowa, na matsowa,
har numfashin wani na taɓa ƙeyar wani.
Muryar tsohon siririya kamar zaren ƙugiya,
amma ta kai.

A na tara ya tsaya, leɓe na rawa.
Jirgin yayansa ne.
Can baya wata murya ta faɗi sunan,
wata ta karɓa,
sunan ya zagaya taro kamar kwanon sha
kafin ya dawo bakin mai shi.

Na mayar da filaya aljihu.

Daga baya na gyara, ba shakka.
Samari masu jita suka girgiza katakon kwata,
ganga ta hana jarirai barci,
Oddvar ya ja matar fasto cikin fage.
Torleif na gyangyaɗi, bargo a gwiwa,
ƙafarsa ɗaya ba ta yarda ta yi barci ba.

Ƙarfe uku ina naɗe waya a damtse,
inuwata ta miƙe har cikin ruwa.
Gunnhild ta wuce riƙe da takalmanta,
ta ce, "Baɗi ka sayi sabuwa."
Na ce to.
Tsohuwar tana aljihuna, duk tsatsa.
Har yau ban yar ba.