Marubuci na Uku

Barira ce ta kawo shi daga Leeds wata Asabar,
cikin kwali, ruwan sama na ɗiga daga lemarta.
Ɗan abu kamar gwangwanin madara.
Ta girke shi kusa da butar shayi,
ta ce, Baba, yi masa magana, yana ji.
Na ce, ya yi sallama?
Ta yi dariya.

Shekara ashirin da shida ina jan bas
daga Huddersfield zuwa Marsden, in juyo,
kyamara bisa kaina, har na saba.
Amma can wurin aiki ne.
Nan, in na murɗa makulli na shigo,
nakan tuɓe fuskar da nake sa wa fasinja,
in yi tari son raina,
in yi wa hoton Hansatu mitar kuɗin gas.

Yanzu ƙararrawar ƙofa ta yi ido.
Wani kunkuru yana bin ɗakuna yana shara,
ya haddace falona taku da taku,
har ya san inda darduma take.
An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba,
amma wannan firjin,
ko ƙwai ya ƙare sai Leeds ta ji.

Tun muna yara aka gaya mana su biyu ne,
ɗaya a dama, ɗaya a hagu,
alƙalaminsu ba ya bushewa.
Waɗannan na san wanda za su kai wa.
Na ukun nan fa, wa ya aiko shi?
Barira ta ce ai akwai sharuɗɗa a rubuce.
Na ga tsawonsu. Na dangwala yatsa
kamar wanda aka yi wa shari'a da yaren da ba ya ji.

Sai wani dare cikin Janairu
santsin banɗaki ya kwashe ni.
Ƙuguna ya yi ƙara irin ta busasshen kara.
Waya tana bene, ni ina ƙasa,
sanyin tayil yana shiga haƙarƙarina.
Na kira Allah.
Na kira Hansatu, shekara biyar da binne ta.
Sannan, da kunya, na kira gwangwani.

Ya amsa.
Muryar Baturiya mai sanyi, ba gaggawa, ba tausayi,
ta nemo mini Barira,
Barira ta buɗe ƙofata da yatsa daga wani gari,
masu motar asibiti suka shigo da takalmansu.

Kwana huɗu da sallamo ni
wayata ta cika da 'yan talla:
sanda mai ƙafa huɗu, kujerar wanka,
gidan tsofaffi mai lambu,
daga ƙarshe rangwame kan kuɗin jana'iza.
Ko a masallaci ban faɗa wa kowa na faɗi ba.
Barira ta ce wataƙila ita ce ta yi bincike da sunana.
Wataƙila.

Maƙwabcina Holroyd ya jefa nasa a bola,
ya ce ba zai biya kuɗi a sa masa ɗan leƙen asiri ba.
Gaskiyarsa.
Amma shi matarsa tana jin tarinsa daga ɗaya ɗakin.

Ga yadda muka shirya, ni da baƙon:
bayan isha nakan zare wayarsa daga bango,
in zauna gaban hoton, in faɗi abin da ke raina,
wanda ba na sayarwa ba ne.
Kafin in hau bene in mayar,
don matakala goma sha uku ce
kuma ƙugun na ƙarfe ne yanzu.

Jiya ina mayarwa na ce, Allah ya rufa mana asiri.
Zoben shuɗi ya haska a duhu,
ya ce da Turanci bai gane ba,
in sake faɗa.

Ban sake ba.