Kwando Uku da Buta Ɗaya

Na sauka daga gadi ƙarfe shida da rabi,
ido ya yi nauyi, hanji na ta ƙugi.
Jirgin ƙasa ya tofar da ni a Sham Shui Po.
Na bi lungun masu sayar da wayar wuta,
na wuce mai gyaran takalmi, bai ko buɗe ba,
sai ga tururi na leƙowa ta ƙofar Gwaggo Szeto.

Tebur bakwai ne duka-duka.
Ba a tambayar wa zai zauna da wa,
inda ka ga kujera, nan ne gidanku.
Yau rabona tsakanin wani direban tasi mai tari
da tsoho Kwok Yiu-tong da jaridarsa ta jiya.
Shekara shida muna goga gwiwa a ƙarƙashin tebur,
ban san ƙofar gidansa ba.

Shayin farko ba na sha ba ne.
Da shi na ɗauraye finjali da tsinkaye biyu,
yadda uwata ke yi tun ina riƙe da gefen rigarta.
Direba ya tsiyaya min na biyu,
na ƙwanƙwasa tebur da yatsa biyu,
godiya ke nan, baki na da wani aikin.

Kwandon gora ya sauka, zafi kamar fushi.
Ha gau guda huɗu,
fata sirit, kana hango jatan lande ta ciki
kamar fitila a bayan labule.
Sai ƙafar kaza da ta yi laushi har ta manta da tafiya.
Na uku shinkafa mai danƙo a naɗe cikin ganyen bado,
na kwance ta a hankali
kamar wasiƙar da na san abin da ke cikinta.

A benen da nake gadi, can tsallaken ruwa,
akwai inda ake cin irin wannan da farin ƙyalle a cinya.
Kuɗin kwando ɗaya a can
zai ciyar da teburin nan har azahar.
Ban taɓa ɗanɗanawa ba.
Ba na kuma jin sun fi Gwaggo iya tsuke bakin ƙulli,
ita da ke tashi ƙarfe uku,
yatsunta sun karkace kamar saiwar citta.

An liƙa sabuwar takarda bisa tsohon farashi.
Dala biyu aka ƙara.
Mai gida ya ɗaga haya, in ji ta,
ɗanta kuma kullum waya daga Toronto:
ki rufe, ki taho, ki huta.
Ta ce hutun me, wa zai ciyar da waɗannan marasa kunya?

Tsoho Kwok kwando ɗaya yake ci.
Yana jan sa awa biyu,
ya ɗaga murfin buta, a ƙara ruwa,
ya sake ɗagawa, har ganyen ya daina magana.
Yau ya daɗe yana kallon sabuwar takardar nan.
Can sai ga Gwaggo da wani kwando:
wannan ya fashe, ba ya sayuwa,
taimaka min kar na zubar.
Ba ta buga hatimi a katinsa ba.

Ni kuwa daga inda nake ana hango kicin.
Na ga lokacin da ta sa farce
ta huda su ɗaya bayan ɗaya.
Muka haɗa ido. Ta harare ni.
Na mai da kai cikin finjali.

Dala hamsin da takwas na biya.
A waje an fara ɗaga ƙofofin ƙarfe,
gari na tashi, ni zan je in kwanta,
ƙamshin ganyen bado bai bar yatsuna ba.