Koren Ƙarfe

Da rana ni mai walda ne a bakin Kasuwar Dole.
Ƙyaure, gado, ƙafar amalanke,
kurar ƴan ga-ruwa da ta karye a hawan Birni.
Ƙarfe bai taɓa yi mini ƙarya ba.
In ya gaji, ina jin nishinsa tun kafin ya tsage.

Da dare, in kuran ya bar ni na cika batir,
sai in hau dutsen bayan gidanmu, inda rizo ya fi zama,
in shiga cikin wani ƙarfen
da ya ɗara tankin ruwan unguwa tsawo.
Igwa a kafaɗa, wuta a tafin hannu.
Gwiwoyinsa kuwa, wanda ya zana su bai taɓa riƙe guduma ba;
da rumfata aka kawo shi, da na ce a sake.

Mu biyar ne.
Habsu mai sayar da kiredi a Sabon Gari,
daga nesa take harbi, kuma ba ta gaisuwa.
Kyari direba.
Wani yaro da ba mu san ƙasarsu ba,
yarensa kamar tafasar shayi, muka sa masa Buta.
Ni.
Sai Barmu, ƙanena.

Damina biyu ke nan da mota ta yi arewa da Barmu.
Ba ya son kira.
"Lafiya lau," sai ya kashe.
Amma ƙarfe goma sha ɗaya in ta buga
ga shi nan ya sauko daga jirgi, ƙasa na girgiza,
ya shafe ƙatonsa da kore irin na ƙofar Inna.
Kullum ta hagu yake kewaya gini,
kamar yadda yake kewaya karen maƙwabta tun yana yaro.
In harsashina ya ƙare, ba na waiwaye.
Na san wa ke bayana.

Da safe Inna ta ce, "Yana cin abinci kuwa?"
Na ce, "Inna, jiya shi kaɗai ya tsare gada."
Ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da damun fura.

Sai sunansa ya yi toka.

Dare ɗaya, na ce mega ce ta ƙare.
Dare bakwai, na ce aiki.
Muka riƙa shiga mu huɗu, ana cika mu da baƙo,
ana farfasa mu kamar tsofaffin tulu.
Buta ma ya rage ihu.
Na ƙona yatsa sau biyu a wajen aiki,
ni da na shekara goma ban ƙone ba.

Dare na goma sha tara, sunan ya kama wuta.
Na miƙe tsaye a kan dutse, saura kaɗan salula ta suɓuce.
Ga koren, ga tabon da ke ƙirjinsa, ga komai.
Muka isa ginin farko.

Ya bi ta dama.

Ya ruga gaba bai jira kowa ba,
yana ɓarin harsashi kamar ba shi ya tara ba.
Na rubuta: Barmu?
Aka amso da haruffan da ban iya karantawa.
Habsu, wadda ba ta gaisuwa, ta kira ni.
"Tanimun, ka gani?"
Na ce na gani.

Mutum kan sayar da salula ya ci tuwo.
Yakan sayar ya biya kuɗin motar gida.
Akwai ta uku.
Ba na ɗora ta a kan maƙera.

Na sha gaban baƙon, na buɗe ƙirji,
rokoki suka yi ta sauka a kaina har hannuna na dama ya faɗi.
Kyari na ihu, "Wa kake karewa? Ba shi ba ne!"
Na sani.
Fentin nake karewa.

Da safe Inna ta ɗago kai daga ƙwarya.
Na ce, "Ya shigo jiya, Inna.
Tafiyarsa ce dai ta sake."
Na sauke baƙin gilashi a kan idona
tun ban kai rumfa ba.