Dangwale

A Daffo aka koya mini sauri.
Kafin zakara ya gyara murya
na ɗaure takalmi, na goge bindiga,
minti uku, ba ƙari,
wanda ya makara ya sha gwale-gwale a rana.
Shekara ashirin da biyu ina amsa kira,
ban taɓa sa ƙasa ta jira ni ba.

Yau ga ni a benci, hawa na biyu, daura da PZ,
fayil ruwan ƙasa a kan gwiwa.
Fanka na juyi kamar mai jin kunya.
Masinja ya san sunana, Saje Barau,
ya san har irin goron da nake ci.
"Oga ya shiga taro."
"Takardarka ta tafi Kaduna."
"Ta dawo, saura sa hannu ɗaya."

Abin da na nema bai taka kara ya karya ba:
injin walda, janareta mai ɗan ƙarfi,
rumfar kwano a bakin Kwangila
inda tireloli ke zuwa da targaɗe.
Ni da na ɗinke motar yaƙi a daji
da tocila a baki,
ƙofar gida ce za ta gagare ni?
Kuma rance ne, ba sadaka ba.
In juya, in biya, in ɗauki yara biyu aiki.

Ranar da na cike fom
na je Sabon Gari na taya inji.
Na koma bayan Sallah, mai shago ya yi dariya,
ya ce wancan kuɗin sai dai wayar wuta.
Farashi na maci, hagu, dama, hagu, dama,
takardata ta ƙame kamar mai gadin tuta.

Yarinya mai kwamfuta ta ce in dangwala.
Na miƙa hagu. Ta ce na'ura dama take so.
Na ce, 'yata, babban yatsan dama
na baro shi a wani kwari can gabas,
wata Laraba, tare da mutum huɗu.
In gwamnati na son sa ta san wurin,
ita ta aike ni.
Ta sunkuyar da kai. Ba laifinta ba ne.
Aka buɗe wa yatsan da babu nasa fayil,
shi ma ya bi layi.

Kofur Bitrus na Wusasa, tare muka nema.
Shi kaji yake so, har ya kafa akurki.
Ciwon suga ya riga sa hannu isowa.
Kwana tara da rufe shi wayarsa ta yi ƙara,
Rifkatu ta kawo mini in karanta mata:
an amince, ya zo da kansa da katin shaida.
Muka zauna shiru a bakin akurkin,
ƙadangare na shiga, yana fita.

Ranka ya daɗe, mai jan biro,
ban zo da faɗa ba, na ajiye wannan tuni.
Dukiyar jama'a sai da lura, na sani,
a bincike ni ciki da bai.
Amma a yanka wa binciken rana
yadda ake yanka mana a fagen daga.
Kwana talatin, e ko a'a.
Ko a'a ce, mutum ya san inda zai nufa.
"Dawo gobe" ita ke cin namiji kamar gara.
Tebur bakwai don hatimi guda!
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Na dafa, ranka ya daɗe,
romon ne yara suka ƙi sha.

La'asar ta yi, masinja na kaɗa makullai.
Zan taka zuwa Tudun Wada, in rage kuɗin mota,
in tsaya wajen Mudi mai walda
ya ara mini ƙarfe biyu in haɗa
don kada hannu ya manta.
Tartsatsi na tashi, yara na kare ido.

Litinin zan dawo, takwas daidai,
takalmi a goge.