Inci Uku

Daren Alhamis, garejin Ɗantani,
bayan tashar Zuru, an ɗauke wuta.
Ni ke riƙe da tocila,
shi yana ƙarƙashin tsohuwar akori-kurata
yana zagin notin da ya ƙi juyawa.

Inci uku kawai na roƙa.
Bara, a mashigin rafi, hanyar Ribah,
cikinta ya zauna kan dutse
kamar kaza kan ƙwai.
Shanun huɗa suka fid da mu,
yara na sowa, Gomo na dariya har da hawaye.

Yau ga sifirin, ga shokozoba daga Kwantagora,
kuɗin buhun dawa huɗu.
Kulu ta ce, "Mota kake ɗagawa ko kai?"
Ban amsa ba.

Gomo ya zana hanya a ƙasa da sifana:
nan taɓo, nan kwazazzabo,
nan tsamiyar da za mu karya.
Mota biyar, igiya ɗaya, asubar Asabar.
Wanda ya kafe, shayi na wuyansa.

Aka sauke jak.
Ta miƙe, doguwa, sai ka ce raƙumi.
Na ɗaga ƙafa zan hau,

wandona ya yage.