Gawayi a Gonar Kaɗa

Gonarmu ta gabas da Gandi ta yi tsami,
in ji ƙanena Jabbi,
da ya kai ƙasa Sakkwato cikin gwangwanin madara aka auna.
Na ce, ƙasa fura ce?

Damina uku ina zuba takin buhu,
ruwan farko ya nutse da shi.
Rairayi ba ya riƙon amana.
Kaɗa ta tsaya iya gwiwa,
ganye ja kamar idon mai masassara.

Sai ya gina rami bayan rumbu,
ya tara karan gero da ɓawon gyaɗa,
ya hura wuta, ya toshe mata baki da ƙasa.
Ba toka yake nema ba.
Muka daka gawayin, muka cuɗa da kashin awaki,
mako biyu yana shan ruwa a inuwa.

Bube ya wuce bisa jaki:
"Gado, maƙera za ka buɗe?"
Ban tanka ba, hannuna baƙi ƙirin.

Kunya goma kawai na ba shi, can ƙarshen gona,
da taki ɗan cikin tafi.
Da ruwa ya ɗauke kwana sha bakwai
na tona da yatsa,
na iske sanyi kwance a gindin shuka.

Jiya Inno ta tsinko kwando biyu a wurin,
goman da ke gefe, ɗaya da ƙyar.
Tana murza mazari, ko kallona ba ta yi ba:
"Ashe baƙi na haihuwar fari."

Da safe Bube ya aiko yaro,
wai a ara masa turmi.